Ranar da Zulfa Ta Je Ajingi

"Umma ta ce a'a."

Mus'ab ya faɗi maganar idonsa a kan ciyawa. Mashin da ya tsinto mata yana hannunsa, ya kasa miƙa mata.

Zulfa tana zaune a kan doguwar kujerar ƙarfen da take jifa a kanta, ƙugunta da cinyoyinta ɗaure da bel, ƙafafun kujerar a kafe da turaku a tsakiyar filin makarantar da ke bayan garin Gaya. Gumi ya jiƙa ɗan hijabinta na wasanni. Ta miƙa hannu.

"Ba ni mashina."

"Zulfa, kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ban gama jifan da koci ya yanka min ba, ga rana tana yi. Ba ni."

Ya ba ta. Ta damƙi sandar ƙarfen da ke jikin kujerar da hannun hagu, ta kwanta baya har sai da bel ɗin ya yi ƙara, sannan ta taso gaba ɗaya ta saki. Mashin ya tafi yana karkarwa a sama, ya wuce tutar da ta kafa, ya je ya soke a ƙasa.

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"To, kai kuma da ta ce a'a, me ka ce?"

"Na ba ta haƙuri."

Ta yi wani murmushi wanda bai kai zuci ba. "Can ka ba da haƙuri, nan ka ba da haƙuri. Wata rana zai ƙare maka, Mus'ab, ka rasa na kanka."

"Uwa ce fa, Zulfa. Ya kike so in yi? Ta ce in dai nononta na sha, in fita hanyarki."

"Allah ya tsare ni da raba ɗa da uwarsa. Ba shi na ce ba. Tambayarka nake, ka taɓa zama ka gaya mata ko ni wace ce? Ko dai abin da mutane suka kai mata kawai ta sani, wata gurguwa mai jifa a gaban maza?"

"Kada ki ƙara kiran kanki haka."

"Me ya sa? Ƙarya na yi? Ni kalmar ba ta yi min ciwo, kai take yi wa."

Idonsa ya kawo ruwa, ya kawar da kai. Zulfa ta kwance bel ɗinta da kanta, ta jawo sandunanta, ta sauko. Kafin ya gama cire turakun ya kai kujerar ɗakin ajiya, har ta hau babur ɗinta mai ƙafa uku ta tayar.

"Ranar Asabar zan tafi sansanin horo," ta ce. "Ka sani, ko?"

"Na sani."

"To shi ke nan."

*

Duk Balan, ƙauyensu da ke kusa da Gaya, babu wanda bai san labarin Zulfa 'yar Malam Kabo ba. Tana ƙarama shan inna ya kama ta, ya bar mata ƙafafun da ba sa ɗaukarta. Da yake ba ta iya bin 'yan uwanta kiwo, sai mahaifinta, wanda 'ya'yansa ke kira Bappa, ya riƙa ɗora ta a kan rumfar gona tana tsaron tsuntsu. Daga nan take ɓallo hoge tana jifa. Kafin ta girma, buwa ta daina sauka a gonar Malam Kabo.

A sakandare wata malamar wasanni ta ga yadda ta cilla wa wata ƙawarta takalmi daga wannan aji zuwa wancan, ta kira ta ta damƙa mata mashi. Daga Gaya sai Kano, daga Kano sai gasar ƙasa, har ta kai ta shiga jirgi ta je gasar nakasassu ta Afirka ta dawo da lambar zinare. Ranar da ta dawo, tun daga tasha 'yan babur suka rako ta har ƙofar gida. Yanzu kuma an kira ta horon shiga gasar duniya.

Mus'ab malamin dabbobi ne daga Ajingi. Allurar shanun Bappa ya zo yi ya tarar da ita a bayan gida tana atisaye. Tun daga ranar ya zama mai tsinto mata mashi, daga tsinto mashi zance ya shiga. An yi damina biyu ana abu ɗaya, amma ko goro ɗaya bai fito daga gidansu ba.

Da ta iso gida ranar, ta tarar da Bappa a zaure yana gyaran igiyar shanu. Ya ce ta zauna.

"Zulfa, ke ba yarinya ba ce, kuma ni ban taɓa yi miki dole ba. Da mutane suka ce kada in bar ki ki tafi Kano, na bar ki. Da suka ce jirgi ba na 'ya mace ba ne, na sa miki albarka. Haka ne?"

"Haka ne, Bappa."

"To amma mutum ba ya tsufa a ƙofar da aka rufe masa. Yaron nan na Ajingi ina ganin mutuncinsa, sai dai shi kaɗai yake zuwa. Aure kuwa ba mutum ɗaya ake ba wa ba, dangi ake ba wa." Ya ajiye igiyar. "Muhyiddeen ya sake zuwa. Na ba shi Juma'a ya turo magabatansa. Ban ce na ba shi ke ba, na dai ce su zo. Ki yi tunani."

Muhyiddeen ɗan aminin Bappa ne, babban ɗan kasuwar hatsi a Gaya. Matarsa ta rasu shekarun baya, bai sake aure ba. Ba wanda ya taɓa jin an kama shi da wani abin kunya. Da la'asar ya zo da kansa, aka shimfiɗa masa darduma a ƙofar gida.

"Kin ga gidan da na gina a hanyar Kademi?" ya ce bayan sun gaisa. "Ki aika a duba miki. Babu matakala ko ɗaya a cikinsa. Ƙofofin na sa an faɗaɗa su. Ko murhun kicin na ce a yi shi ƙasa-ƙasa, yadda za ki yi girki a zaune. Tun ana aza harsashi ke nake tunani."

Maganar ta taɓa ta, ba ta ɓoye ba.

"Wallahi Yaya Muhyiddeen, ba a taɓa yi min irin wannan tunanin ba. Allah ya saka da alheri." Ta ɗago ta dube shi. "Amma gidan nan da ba shi da matakala, yana da ƙofar fita?"

Ya gane inda ta dosa. Ya gyara zaman hularsa.

"Zulfa, kin ɗaga sunan Gaya, kin ɗaga na Kano. Ai ya isa. Kin sha wahala tun kina yarinya, ni so nake ki huta. Matar aure tana yawon ƙasashe, ana ɗaure ta a kujera duniya tana kallo, ai ke ma kin san bai yi tsari ba."

"To ka ga inda muka rabu. Kai hutu kake so ka ba ni, ni kuma ban gaji ba. Kada ka wahalar da manya, Yaya. Ka yi haƙuri."

Ya yi murmushi, ya miƙe yana kaɗe rigarsa. "Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Bappa ya ba ni Juma'a, kuma za su zo. Wanda kike jira, wa ya turo?"

Wannan tambayar ita ce ta kwana ta tashi da ita.

*

Ranar Laraba da hantsi ta yi wanka, ta sa atamfarta mai ruwan ganye, ta zura dogon hijabi. Mahaifiyarta, Inna Hanne, tana tankaɗe ta ɗago.

"Ina zuwa haka, ba kayan fili ba?"

"Ajingi, Inna. Zan je gaishe da mahaifiyar Mus'ab."

Rariyar ta kusa suɓuce mata. "Innalillahi! Ke Zulfa, kina da hankali kuwa? Yaushe budurwa ta taɓa kai kanta gidan saurayi? So kike a yi da mu a bakin duniya, a ce mun rasa yadda za mu yi da ke?"

"Ba roƙo zan je ba, Inna. Matar nan ta ƙi ni ba ta taɓa ganina ba. In za ta ƙi ni, ta ƙi ni ido da ido. Kuma gaisuwa ba ta zama laifi."

Inna Hanne ta daɗe tana kallonta, hawaye ya taru mata. Ta san halin 'yarta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar man shanu ta ɗaure a leda.

"Tun da kin ƙi ji, kada ki je hannu rabbana. Kuma ki riƙe harshenki, sa'ar uwarki ce."

Hanyar Ajingi cike take da amalanken gyaɗa, don kaka ta yi. Zulfa ta yi tambaya sau ɗaya aka nuna mata gidan. Ta ajiye babur a gindin katanga, ta saƙala sandunanta, ta yi sallama.

Hajiya Gaji, mahaifiyar Mus'ab, tana zaune a inuwar darbejiya da tulin gyaɗa a gabanta tana ɓara. Doguwar mace ce siririya, mai kaifin ido. Ta amsa sallamar, sannan idonta ya sauka a kan sandunan. Hannunta ya tsaya.

Zulfa ta ƙaraso, ta jingine sandunan, ta zauna a ƙasa gefen tabarma ta sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya." Hajiya Gaji ta kawar da kai. "Ke ce."

"Ni ce, Hajiya."

"Iyayenki sun san kin zo nan?"

"Inna ta sani. Ba ta so ba. Ta ce a kawo miki wannan."

Hajiya Gaji ta dubi ƙwaryar, ba ta taɓa ba. "Da gaskiyarta da ba ta so ba. A zamaninmu ko hanyar gidan surukai aka nuna mana, sai mu canza hanya." Duk da haka ta miƙe ta ɗebo ruwa a randa ta ajiye mata. "Baƙonka annabinka. Sha, ki faɗi abin da ya kawo ki."

Zulfa ta kurɓa. Ta jawo gyaɗa ta fara ɓarewa, don hannunta ya sami abin yi.

"Hajiya, ban zo in ce ki so ni ba, so ba a roƙonsa. Na zo ne in ji laifina daga bakinki. In abin da zan iya gyarawa ne, in gyara. In ba zan iya ba, in haƙura, in bar miki ɗanki, ba kuma za ki sake jin sunana a gidan nan ba."

Hajiya Gaji ta gyara mayafinta. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka.

"Ba ki yi min laifi ba, yarinya. Ni ba jahila ba ce, na san wanda ya halicce ki shi ya halicce ni. Kin ga wancan ɗakin?" Ta nuna wani ɗaki mai labulen kaba. "Nan mahaifinsa ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye. Mus'ab yana ɗan sakandare. Sa'anninsa suna ƙwallo, shi yana goya ubansa zuwa bayan gida. Shi ne wanka, shi ne juyi, shi ne wankin zani. Ina ji ina gani ƙuruciyarsa ta ƙare a ɗakin can. Ranar da aka fita da gawar malam na ɗaga hannu na ce, Allah, yaron nan ya ɗauki nasa kason. Kada ka sake ɗora masa wani." Hawaye ya gangaro mata, ta share da gefen mayafi. "Sai kuma ya zo min da ke. Ki gaya min, in ke ce uwarsa, me za ki ce?"

Duk amsoshin da Zulfa ta shiryo a hanya suka watse, don ba wannan ta zata ba.

A daidai lokacin Mus'ab ya shigo da sauri, ya ga babur ɗinta a waje. Ya yi turus a bakin zaure, ya durƙusa a nan, ya kasa matsowa.

"Da ni ce uwarsa," Zulfa ta ce a hankali, "ina jin abin da kika ce zan ce. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, Hajiya. Ina girkina, ina wankina, ina kai kaina duk inda zan je. Na shiga ƙasashen da ban san yarensu ba, ba wanda ya goya ni. Amma akwai abin da ba zan iya ba. Ba zan ɗauko ruwa a ka ba. Ranar da ruwan sama ya ɓata hanya, ko ciwo ya kayar da ni, sai an ɗaga ni. Ba kullum ba ne, amma ranar za ta zo. Duk wanda ya ce miki ba za ta zo ba, yaudararki yake."

Hajiya Gaji ta ɗago ta dube ta sosai, karo na farko.

"Ba ki iya tallan kanki ba."

"Ba talla na zo ba, Hajiya."

Tsohuwar ta juya gyaɗa a tafin hannunta. Ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar.

"To ji nan. Kin yi min gaskiya, zan yi miki. In kin ajiye wannan jifan, kin zauna a ɗaki kamar kowace mace, kin tattala ɗan ƙarfin da Allah ya bar miki saboda mijinki, zan duba maganar. Wannan kafaɗar da kike wahalarwa, in ta lalace, da me za ki riƙe sanda? Sai ya koma goyo. Ki ajiye, in duba."

Mus'ab ya ɗago kai. Wannan ne karo na farko da Umma ta buɗe ko da ƙaramar kafa. Daga inda yake durƙushe ya shiga yi wa Zulfa alama da ido, yana gyaɗa kai. Ki ce to. Don Allah ki ce to.

Ta gan shi sarai. Ta mayar da idonta kan Hajiya.

"Ki gafarce ni, Hajiya, ba zan iya ba. Kafin mashin nan, sunana a Balan 'yar Malam Kabo mai ja da gindi. Shi ya sa na san ni mutum ce. Zan ajiye shi wata rana, ba wanda yake jifa har tsufa, amma ni zan zaɓi ranar. Da in ce miki to yau, gobe ki ji ni a rediyo, gara ki ƙi ni da gaskiyata."

Ta jawo sandunanta, ta miƙe da ƙarfin damtsenta.

"Na gode da ruwa. Allah ya ji ƙan Malam, ya sa jinyar da ya sha kaffara ce."

"Amin," Hajiya Gaji ta ce, can ƙasan maƙoshi.

*

A gindin katanga Mus'ab ya cim mata.

"Me ya sa, Zulfa? Me ya sa? Kalma ɗaya fa! Da kin ce to, in an ɗaura, ni zan hana ki fita? Ni da nake tsinto miki mashi?"

"Wato in shiga gidanku da ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, dabara ce."

"Uwarka ce, Mus'ab. Matar da ta zauna ta buɗe min cikinta tana kuka, ita zan yi wa dabara?" Hawayen da ta riƙe a ciki suka zubo, ba ta share ba. "Ban taɓa sanin ka yi jinyar mahaifinka ba. Ba ka taɓa gaya min ba. Ita kuma ba ka taɓa gaya mata yadda abin yake a ranka ba. Ta zauna tana yi maka kukan da ban sani ba ko kai kana yi. Ni na faɗi nawa a can ciki. Kai ne ka durƙusa a zaure kamar baƙo."

"Zulfa..."

"Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan iya yin maganarka in yi tawa ba. Jibi mutanen Muhyiddeen za su zo wurin Bappa. Na riga na ce masa a'a, zan kuma sake faɗa. Ba don kai ba, don kaina. Asabar in tafi. In Allah bai yi da kai ba, ba zan mutu ba."

Ta tayar da babur ta hau hanya. Ya tsaya har ƙararsa ta ɓace.

Da ya koma ciki, Hajiya Gaji tana nan inda take, gyaɗar a gabanta ba ta ƙara ɓare ko ɗaya ba. Ya zo ya durƙusa dab da ita, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Umma, zan yi magana. In na yi kuskure ki yafe min."

Ba ta hana shi ba.

"Kullum kina cewa ƙuruciyata ta ƙare a ɗakin Baba. Umma, wallahi ban taɓa jin nauyinsa ba. In na goya shi, bakinsa yana daidai kunnena, addu'a yake min har mu je mu dawo. A bayana ya koya min Yasin. Duk abin da na zama, a ɗakin can na same shi. Da za a dawo min da shi yau, in ci gaba da goyonsa, da na fi kowa murna." Kuka ya ci ƙarfinsa, ya dafa ƙasa. "Kin roƙi Allah kada ya sake ɗora min. Ni ban roƙa ba, Umma. Ban taɓa roƙa ba. In kin ce in bar ta, zan bar ta, ba zan saɓa miki ba har in mutu. Amma kada ki ce don ki hutar da ni ne. Ba hutu ba ne."

Hajiya Gaji ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna girgiza. Ta daɗe a haka, sannan ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Ranar ba ta sake fitowa ba. Washegari ma gaisuwa kawai ta amsa masa.

*

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mota ta tsaya a ƙofar gidan Malam Kabo. Dattawa uku suka fito cikin manyan riguna, magabatan Muhyiddeen. Bappa ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo fura.

A ciki Zulfa tana shirya jakarta. Ta ninke rigunan atisaye, ta sa maganin shafawa na kafaɗa, ta naɗe bel ɗinta. Inna Hanne tana zaune a bakin gado tana kallonta.

"Tun shekaranjiya bai kira ba?"

"Bai kira ba."

"Kuma duk da haka za ki mayar da waɗannan?"

"Zan mayar, Inna."

"Ki tashi babu tsuntsu babu tarko."

"Ina da jirgin da zan hau," ta ce, ta ja zif ɗin jakar.

Ba a gama gaisawa a zaure ba aka ji ƙarar adaidaita sahu ta tsaya. Sai sallamar maza a waje. Sai kuma, abin da ya sa Inna Hanne ta miƙe zumbur, sallamar mace a tsakar gida.

Hajiya Gaji ce, da mayafinta har ƙasa. Ta tsaya a ƙofar ɗaki, suka gaisa da Inna Hanne kamar yadda manya ke yi, aka ba ta wuri. Zulfa ta sauko daga gado za ta zauna a ƙasa, tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

"Zauna inda kike. Na zo da ƙanin mahaifinsa, Malam Ɗanladi, yana zaure. Mace ba ta zuwa neman aure, na sani. Amma tun da ke kin taka kin je, ni ma na ce sai na taka." Ta gyara zama. "Har yanzu tsoron nan yana raina, ba zan ɓoye miki ba. Kuma jifan nan ban so shi ba, ban san ko zan taɓa son sa ba. Sai dai na janye sharaɗina. Yarinyar da ta ƙi yi min ƙarya alhali ƙaryar za ta ba ta abin da take so, ban ga dalilin da zan bar wa wani gida ita ba."

Inna Hanne ta fashe da kuka.

Sai ga gyaran muryar Bappa a bakin ƙofa. Ya leƙo, hularsa a karkace, gumi a goshinsa.

"Zulfa, kin haɗa min aiki. Tabarma biyu ce a zaurena, kowa yana kallon kowa, furar ma an kasa sha. Ni kuma na ce ba zan yi miki dole ba. Wacce zan naɗe?"

Zulfa ta share fuskarta da tafin hannu. Ta sunkuyar da kai, amma muryarta ta fito tar.

"Ta Gaya, Bappa. Ka ba su haƙuri da kyau, mutanen kirki ne, ba su yi mana komai ba sai alheri."

"Na Ajingi fa, me zan ce musu?"

"Ka ce an ba su. Amma motar da za ta kai ni filin jirgi gobe da sassafe za ta tashi, kada su sa rana sai na dawo."

Bappa ya dubi Hajiya Gaji, yana jiran ya ga ko ranta zai ɓaci. Tsohuwar ta girgiza kai, dariya ta suɓuce mata tana share ido.

"Je ka faɗa musu haka, Malam," ta ce. "Ni ma da na ce ta tsaya, ba ta tsaya ba."